Hajiya Barakatu ta Gidan Inji a Sheme

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Hajiya Barakatu a garin Ketare, cikin ƙasar Ƙanƙara, a shekarar 1947, da kaka, ana tsakar yankan dawa. Mahaifinta Malam Gide manomi ne mai kiwon tumaki, mahaifiyarta kuwa, Asibi, daddawa take yi. Ita kaɗai ce mace da ta rayu a ɗakinsu. Ba ta shiga boko ba, amma ta yi karatun allo har izu biyar kafin hidimar gida ta ɗauke ta.

Aurenta

A shekarar 1964 aka ɗaura mata aure da Malam Mani, manomin auduga a Sheme ta ƙasar Faskari, mutum mai himma da ƙarancin magana. Allah ya azurta su da Sanusi a 1966, sannan Talatu a 1969. Dukansu sun tashi lafiya lau, in ban da ƙyanda da zazzaɓin damina da ba sa barin yaron kowa.

Zuwan Inji

A shekarar 1974, lokacin da arzikin man fetur ya buɗe ƙasa, manyan motoci suka yawaita a hanya, Malam Mani ya sayar da shanunsa ya sayo injin niƙa mai shan man gas, irinsa na farko a unguwarsu. Aka kafa shi a shagon da ya haɗa bango da ɗakin Barakatu. Da farko an fitar da bututun hayaƙin ta wajen titi, amma da masu zama a ƙofar masallaci suka yi ƙorafi, sai aka juya shi ya fuskanci tsakar gida.

Tun daga hantsi har la'asar injin ba ya hutawa. Barakatu ce mai karɓar ƙoren hatsi ta ƙofar ciki, tana zaune dab da shi, kuma a nan ta raini cikin Bilya, wanda ta haifa a 1975, da na Zulaihatu a 1977. A nan ta goya su, a nan suka yi rarrafe. Shanya ba ta bushewa da haskenta a gidan, randa kuwa kullum a rufe take saboda baƙin da ke sauka a kan ruwa. Gidan dai ya sami wadata, aka yi rufin kwano, Malam Mani ya sauke farali ya zama Alhaji, har sunan gidan ya koma Gidan Inji.

Lalurar Yara

Tun kafin a yaye Bilya aka lura murarsa ba irin ta sauran yara ba ce. Ba zazzaɓi, ba tari, sai atishawa a jere da zarar gari ya waye, majina tsararo kamar ruwa, da ƙaiƙayin hanci da yake murzawa har ya saɓule. Da baki yake numfashi, barci ba ya isarsa. Zulaihatu ma da ta taso ta bi sahunsa. An sha rubutu, an ɗiga man shanu a hanci, an yi turare iri-iri bisa zaton iska ce, turaren kuwa ƙara tayar da abin yake yi.

A 1978 Barakatu ta kai su ɗakin shan magani a Faskari. Malamin asibitin ya duba su, ya tambayi inda suke kwana da inda suke wuni, sannan ya ce ba zai rantse ba, amma hancin yaron da ya sha hayaƙi tun yana cikin uwa yakan tashi da saurin fushi, abin da bai dami kowa ba sai ya dame shi. Ya ba su ƙwayoyi masu sa barci, ya ce sauƙi za su kawo, ba waraka ba. A ƙarshen shekarar mahaifinta ya rasu, ta je zaman makoki Ketare da yaran, ta ga atishawar ta lafa; suna komawa Sheme ta dawo sabuwa.

Komawarta Ketare

A shekarar 1979 ta sake samun ciki, ta roƙi mijinta ya ɗauke injin daga jikin ɗakinta.

Ya ce, “Barakatu, wannan hayaƙin shi ke ciyar da mu. Shi ya kai ni Makka.”

Ta ce, “Na sani, Alhaji. Ni dai na gaji da share hanci. Wanga da ke ciki, ba ni haihuwa tai cikin hayaƙi.”

Injin dai ya ci gaba da aiki a inda yake. Ta jira har aka gama aikin gona, sannan ta nemi izininsa ta tafi ganin mahaifiyarta, ta kuma zauna. Mutanen Sheme suka kira abin yaji, ita kuwa har ta bar duniya ba ta yarda da wannan suna ba. A Ketare ta haifi Mamuda a 1980. Bayan suna, dattawan ɓangarorin biyu suka shiga maganar, Alhaji Mani ya mayar da injin wata rumfa a bayan gari, ta koma ɗakinta.

Ciniki ya ja baya, domin a lokacin wasu sun kafa injuna a tsakiyar gari. Zuwa 1984, da tsadar kayan gyara ta zo, injin ya tsaya, aka sayar da shi a ƙarfe. Alhaji Mani ya koma noma ba shanun huɗa. Bai taɓa goranta mata ba, bai kuma sake yi mata hira irin ta da ba, haka suka zauna cikin mutunci da shiru. Mamuda ya tashi ba tare da lalurar ba, ta Zulaihatu ta yi sauƙi bayan ta girma, Bilya kuwa ya bar makaranta a aji biyar saboda gyangyaɗi da tsokanar yara, ya koyi ɗinki.

Ƙarshen Rayuwarta

Alhaji Mani ya rasu a 1996. Bayan ta fita takaba, ɗan farinta Sanusi ya ɗauke ta zuwa Sabuwa inda yake fataucin hatsi, shi ne kuma ya biya mata aikin hajji a 2001. Ba ta da yawan magana a tsufanta, amma ba ta yarda surukarta mai ciki ta yi girki a rufaffen madafi, ko a kwantar da jariri kusa da janareto. In an tambaye ta dalili, takan ce labarin yana da tsawo, ita kuma ba ta da ƙarfin bayar da shi.

Rasuwarta

Allah ya yi wa Hajiya Barakatu rasuwa a Sabuwa ranar wata Laraba cikin watan Sha'aban, shekarar 2011, bayan jinyar hawan jini, tana da shekara sittin da huɗu. An yi mata sutura bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar garin. Ta bar 'ya'ya huɗu: Alhaji Sanusi a Sabuwa, Talatu da ke aure a Yankara, Zulaihatu a Ƙanƙara, da Malam Bilya tela a Faskari, tare da jikoki masu yawa. Mamuda, wanda ta bar ɗakinta dominsa, ya riga ta tafiya da shekara biyu, a haɗarin mota a hanyar Sheme. Allah ya jiƙan su, ya ba ta hutun da ba ta samu a nan ba.