Ranar da Abokina Ya Kawo Mini Allo

Shekarun baya can, tun ƙasar nan ba ta samu mulkin kai ba, ina saurayi a wani ɗan ƙauye kusa da Mabai. Mu masu bin Almasihu ba mu wuce gida bakwai ba, duk daga gidajen Maguzawa muka fito, maƙwabtanmu kuwa Musulmi. Ni kaɗai aka tura na yi wata shida ina koyon karatun Maganar Allah, kuma wata shidan nan sun hau mini kai. Ko gaisuwa mutum ya yi mini, sai na laluba ko akwai kuskuren koyarwa a ciki.

Wata safiya da damina ina wasa fartanya, sai abokina ya yi sallama. Tare muka yi kiwon awaki muna yara, ni kuma na ja shi cikin bangaskiya, har mahaifinsa ya kore shi daga gidansu na Pauwa. Yana riƙe da allo da tawada da ya aro wurin malamin unguwarmu. Ya ce 'yarsa ta kwana uku cikin zazzaɓi. Na san ya riga ya binne yara biyu, ita kaɗai ta rage masa. Roƙonsa shi ne in rubuta masa labarin yarinyar da Yesu ya tayar daga matattu, ya wanke ya ba ta ta sha, yadda ya ga maƙwabta suna yi.

Abin ya fara ba ni mamaki kafin ya ba ni haushi. Ban taɓa jin wanda ya yi wannan tunanin ba, har na tsaya ina tambayar kaina ko rubutun boko ma yana zama a kan allo. Sai malantar ta motsa. Na ajiye fartanya na buɗe masa wa'azi: iko na Allah ne, ba na tawada ba, mu ba a koya mana haka ba, Magana jin ta ake yi a gaskata. Na ƙara da cewa in dattawan ikilisiya suka ji, sai sun dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, abincin da masu bi ke ci tare a sujada.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, na ji. Yankan gidanmu ka ce ba kyau, na bari. Layu ka ce ba kyau, na tsinke. Wanga ma ka hana. Ɗiyata na mutuwa, mi mai bi ke yi da hannuwanshi?"

Na ce ya yi addu'a. Ya ce kwana uku ke nan yana yi. Ya ɗauki allonsa ya fita.

Mahaifiyata tana daka a tsakar gida, duk ta ji. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, shi ya sa na zaci yabo zan sha. Sai ta tambaye ni ko yarinyar tana shan ruwa, ko tana sanƙarewa. Na ce ban sani ba.

"Ashe ko 'ya jiki' ba ka ce mashi ba," in ji ta. "Karatu ya cika maka kai, hankali bai samu wurin zama ba."

Ta kuma faɗa mini abin da kowa ya sani ban da ni: mahaifin abokina ya aiko cewa a kawo yarinyar, baƙin bunsurun yankan tsafi na nan a ɗaure. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya.

Na je na same su a ƙofar gidan abokina, matarsa ta goya yarinyar, sun fuskanci hanyar Pauwa. Na tambayi jikin yarinyar, tambayar da ta makara. Na taɓa goshinta, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na ce masa rubutu dai ba zan yi ba, amma akwai ɗakin shan magani a Ƙanƙara, kuma ƙafata ƙafarsa. Ya daɗe yana duban hanyoyin biyu kafin ya juyo.

Malamin nan mai allo shi ya ara mana jakinsa, ya bi mu da addu'ar samun sauƙi. Rafi ya kawo ruwa, jaki ya ƙi shiga, na ɗora yarinyar a kafaɗa muka haye. A hanya abokina ya ce in ba zan rubuta ba, in faɗa masa da baki. Sau huɗu na ba shi labarin kafin mu isa. Aka yi mata allura, muka kwana biyar, ta tashi. Yanzu jikokinta sun fi nawa yawa.

Har yau ina ganin abin da na faɗa masa daidai ne, ko gobe aka kawo mini allo ba zan rubuta ba. Abin da nake yawan juyawa a raina shi ne yadda maganar da ba ƙarya a cikinta ta kusa mayar da mutum gidan da ya baro. Ban san abin da zai faru ba da mahaifiyata ta tafi rijiya a safiyar nan.

Abokina daga baya ya zama dattijon ikilisiya, kuma masu irin wannan roƙon sun sha zuwa wurinsa. Shi ma bai taɓa rubutawa ba. Amma kafin ya ce a'a, ya riga ya sa takalminsa.