Yarinyar da Aka Bari a Ruga

Ban taɓa zama a aji ba, amma duk Dandamisa an san bakina a tatsuniya. A wurin kakata, Inna Ladi, na gada. Idan an sauke tuwon dare, mukan kewaye murhu tun garwashin bai mutu ba, ita tana ɓarar gyaɗa tana ba mu.

Akwai guda ɗaya da ba ta cika bayarwa ba. Shekarar da fara ta cinye dawa, wata mata ta kama hanya daga Malikanchi da 'ya'yanta mata biyu, neman abinci. Ƙaramar ta kasa tafiya. Sai uwar ta bar ta a wata ruga, hannun wata Bafulatana, ta ce bayan girbi za su dawo. Babbar ce ta ɓamɓare yatsun ƙanwar daga zanen uwarsu. Da aka yi girbi suka koma, rugar ta tashi, sai turaku a ƙasa.

Nan take tsayawa. Mu ce, "Inna, ba ki ce ƙurunƙus ba."

Ta ce, "Ku tashi, 'yan nema, hayaƙi ya cika mini ido."

Mun raina labarin, don babu Gizo, babu kura.

Bara malamar jikata, Malama Rabi, ta zo har gida. Bayan mun gaisa ta ce, "Baba, yaran nan tarihin littafi ba ya zama a kansu. Ki zo ki ba su na baki, mu mayar da shi wasan kwaikwayo."

Na ce, "'Yar nan, wa ya taɓa yin tatsuniya da rana tsaka?"

Ta yi dariya. "To ki ba su wanda ya faru da gaske."

Bayan ta tafi na zauna ina laluben abin da zan kai. Sai na tuna Inna ba ta taɓa barin mai tallan nono ta wuce ba. Ko ba za ta saya ba, sai ta zaunar da ita, ta ƙura mata ido, ta tambaye ta daga wace ruga, wace ce uwarta. A ranar na gane abin da ya hana ta rufe labarin nan. Ana cewa ƙurunƙus ne a kan ƙarya. Ita ce babbar.

Na je makarantar, na ba su shi da rana. Da na gama, Malama ta ɗauki alli ta ce, "Baba, mene ne sunan ƙaramar?"

Na buɗe baki, babu. Ni da ban taɓa laluben magana ba. Shekaru muna gindin murhun nan, cikinmu ba wanda ya tambaya, kuma duk wanda zai sani ya kwanta dama.

Malama ta ce a sa mata Hauwa. Na ce a'a, ba za a ara mata na wata ba. Haka suka yi wasan, jikata tana tsaye tsakanin turakun kara tana kiran "ƙanwata".

Yanzu ina ganin Inna jira take ɗayanmu ya tambaya, ta samu dalilin faɗin sunan da bakinta. 'Yan makaranta sun san shekarar fara. Sunan kuwa tare da ita muka binne shi.