Shuɗin Kofin da ke Jikin Ƙusa

A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ina zaune a unguwar Barade ina ɗinkin kayan mata. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mace ce mai yawan saƙe-saƙe. Idan na gaishe da mutum ya amsa a taƙaice, sai in wuni ina laluben abin da na yi masa.

Akwai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Mumuye da ke kawo doya daga wajen Iware. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Tela. Duk zuwan da za ta yi sai ta sauke kaya a tsakar gidanmu ta huta, ta tsokane ni a kan ramata, wai allurar kekena ma ta fi ni ƙiba. Lokacin da na yi ɓari, ita ce ta wuni tana matsa mini ƙafa, doyarta na can tana jiran masu saye. Amma ruwa, a wani shuɗin kofin roba nake ba ta, wanda na rataye a ƙusa nesa da randa. Ba mai sha da shi sai ita.

Na riƙa gaya wa kaina tsarki nake kiyayewa, don na ji an ce mutanensu na shan burkutu. Ban taɓa jin warinsa a bakinta ba. Kawuna kuwa da taba a leɓe yake kafa baki a moɗarmu, ban taɓa cewa uffan ba. Tsorona ɗaya ne, kada wata rana ta gane ta ɗauke ƙafa daga gidana. Shi ya sa kullum nake juya mata baya in zan ciro kofin.

Ran nan na kai ɗinki gidan wata Hajiya, matar wani babban ma'aikaci cikin waɗanda suka zo daga Yola. Mace ce mai fara'a, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta yaba aikin, ta ce in hau kujera, ta tambayi yarana. Da ta ga ina gumi, da kanta ta tashi ɗebo mini ruwa. Na ga hannunta ya nufi kofunan gilashi da ke jere a kabad, sai ya tsaya. Ta juya mini baya, ta sunkuya, ta ciro wani kofin silba mai lotsattsen baki. Wata ba za ta lura ba. Ni kuwa na san wannan juyin bayan, don irin nawa ne.

Na sha, na yi godiya har sau biyu. A hanya ina ta duba faratana, ina sunsunar mayafina, ko akwai abin da ta gani. Ban iya jin haushinta sosai ba. Na sha jin matan da mazajensu suka fi nata matsayi suna yi mata dariya in ina musu awon ɗinki, wai ba ta jin Turanci. Wataƙila ita ma tsoro ne ke cinta, tana neman wadda za ta ajiye a ƙasa don ta tabbata ba ita ce a ƙasan ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: in ni na gane a zama ɗaya, Mama fa, shekara uku?

Ina isa gida na cire kofin na tura ƙarƙashin gado. Kwana da kwanaki ina haɗa kalmomin ban haƙuri ina warwarewa, har na ɗinke hannun wata riga a baibai.

Da Mama ta zo, na ɗebo ruwa a moɗarmu na miƙa mata. Ta dubi ƙusar, ta dube ni.

"Tela, ina kofi nawa?"

Na so in ce ya fashe, bakina ya ƙi. Na ce da wannan muke sha duk gidan. Ta riƙe moɗar ba ta sha ba, har na tabbata tashi za ta yi. Sai ta yi dariya, ta ce tun ranar farko ta sani, jira take in gaji da juya baya kamar amarya gaban suruki.

"A gida nawa ma akwai ƙwarya naki," in ji ta. "Sabo ne, ko kunu bai taɓa shi ba, don na san halinki. Na ajiye sai ranar da za ki zo. Shekara uku, Tela, ba ki zo ba."

Na fara ban haƙurin da na shirya, ta katse ni, ta ce in bari kada in ƙara ramewa. Ta shanye ruwan.

Sati na zagayowa na shiga motar Iware, ina ta tunanin ko tsarabar da na riƙe ta yi kaɗan. Ta sauko da ƙwaryar daga ragaya, har gizo-gizo ya yi yana a ciki. A gabana ta ɗauraye ta, fuskarta na kallona, ta cika ta fal. Ba ƙishi nake ji ba, amma sai da na ga ƙasanta.