Buta Mai Huji a Shari'ar Shaddar Baba

Shekarar da na cika sha huɗu, saura ƙiris a kore ni daga Paris zuwa Lyon saboda wasu Girkawa da suka mutu tun kafin a ƙirƙiro tuwo.

Malamin tarihinmu a lakwal, wato makaranta, wanda muke kira Mushe kawai kamar yadda Faransawa ke kiran malami, ya kwashe wata guda yana koya mana yadda Girkawa ke shari'a a birninsu Atina da ƙasashen da suka mallaka. Ya ce a Masar, zamanin da suke mulkinta, mutum kan rubuta wa sarki ƙara don an watso masa ruwan ƙazanta daga bene. Na ce a raina, da a unguwarmu ta La Courneuve ne, sarkin nan ba zai ƙara ganin barci ba. Amma abin da ya shiga raina shi ne tulun kotun Atina. Tulu ne mai huji a gindi. A cika shi, mai ƙara ya yi magana har ruwan ya tsiyaye, a sake cikawa wanda ake tuhuma ya yi tasa. Ruwa ya ƙare, bakinka ya mutu, ko kai ɗan wane ne.

Mushe ya ce za mu yi wasan kotu a aji, kowa ya zo da farin mayafi. 'Yan ajinmu suka kwaso tsofaffin zannuwan gado. Ni kuwa 'yar mai kantin atamfa a unguwar Château Rouge ce. Na je da farar shaddar da Baba ya ajiye don rigarsa ta Sallah, an yanka ta an kalmashe mata baki. Na yi kyau har wanda na yanke wa hukuncin kisa sai da ya yi mini godiya.

Bayan kwana uku Baba ya gano. Bai tambaya wa ya ɗinka ba, ni ma ban faɗa ba. Shi Baba ba ya faɗa, waya yake bugawa Lyon. Can Kawu yake, yayan Inna, mutumin da sabon jirgin ƙasan nan mai gudu ke kawowa cikin awa biyu, gaisuwarsa kuma ta fi tafiyar tsawo. Ta bayan ƙofa na ji abin da ake shiryawa: ranar Lahadi Kawu zai zo, ya tafi da ni, in ci gaba da karatu a gidansa. Gidan da babu telebijin, babu kaset, sai nasiha tun daga shayin safe. In bar Inna, in bar ajinmu.

Shari'ar gidanmu kuwa na san ta. Baba alƙali, Kawu mai magana, mai laifi yana ƙirga yatsun ƙafarsa. Ba a taɓa hana mai laifi magana ba, sai dai kafin Kawu ya gama, ko La'asar ta yi ko jirgi zai tashi.

Don haka ranar Lahadi na ɗora ƙusa a wuta, na huda gindin butar Baba ta alwala. Na ɗora ta bisa kujera a tsakiyar falo, na sa daro a ƙasa, na durƙusa na yi bayani.

"Su Girkawan nan musulmi ne?" in ji Kawu.

"Tun kafin Annabi Isa suka mutu, Kawu."

"To, saƙo bai riske su ba."

Baba, wanda shekara da shekaru yake satar kallon agogo in Kawu na magana, ya yi gyaran murya ya ce a gwada, ai ba haramun ba ne. Aka sa Inna ta toshe hujin da yatsa har a ce ta saki.

Kawu ya fara. Ya tambayi Baba lafiya, da kasuwa, da sanyi, da mutanen Damagaram gida-gida, har da waɗanda shi Kawun da kansa ya yi musu sallar jana'iza. Buta ta bushe bai ko ambaci shadda ba. Ya ce gaisuwa ba magana ba ce. Ni kuma, da iyayi, na ce gaskiya ne a Atina akan toshe tulu in za a karanta doka. Aka sake cikawa. Daga nan, da ya ga ruwa ya yi ƙasa sai ya ɗaga hannu ya kama addu'a, Inna ta toshe, mu ce amin. Na sha addu'a rannan har ta jikokina. Duk da haka ya samu ya ce yarinyar nan ba ta da tsoro, lakwal ta buɗe mata ido, yau shadda ta yanka, gobe kuma... Nan ɗigon ƙarshe ya faɗa daro. Har yau ba mu san abin da zan yi goben ba.

Aka cika tawa. Na shirya jawabin da zai sa bango kuka, amma da na ji ruwa na zuba, manya uku sun yi shiru suna kallona, abin da ban taɓa gani ba, sai jawabin ya ɓace mini. Rabin buta ya tafi a banza. Daga ƙarshe na ce ni na ɗauka, ban kyauta ba, a yi mini komai amma kada a raba ni da Inna. Ruwan da ya fito daga idona ya fi na butar.

Sai Inna ta ce a cika mata ita ma. Kawu ya juyo ya tambaye ni ko mata na magana a kotun Girkawan. Ba sa yi. Na ce Mushe bai kai mu wannan babin ba.

"Ni na yanka, ni na ɗinka," in ji Inna. "Wannan ko almakashi ba ta iya riƙewa daidai ba. Ta ce alƙali za ta zama gaban 'ya'yan Faransawa, na ce ba da zanin gado ba. In Lyon ake kai mai laifi, Yaya, sai ka nemi wurin mutum biyu."

Ta mayar da yatsanta. Ruwan da ta ci bai cika kofin shayi ba.

Baba ya leƙa daro. Sannan ya ce babu mai zuwa ko'ina. Zan riƙa linke atamfa a kanti duk Asabar har Sallah, shi kuma zai sa tsohuwar rigarsa. Ya numfasa, ya tambaya wa ya ba ni izinin huda masa buta. Kafin a buɗe sabuwar shari'a, Kawu ya zubar da sauran ruwan, ya cusa butar cikin jakarsa. Ya ce akwai wani a taron 'yan Nijar na Lyon da Allah ya jarrabe su da surutunsa.

Da hutu muka je Lyon ni da Inna, kwana biyu, da tikitin dawowa a hannuna na damƙe. Na leƙa taron nasu. Butarmu na bisa tebur, Kawu ne mai riƙe da hujin. In wani na magana ruwa na gudu kamar famfo. Da aka zo kansa, yatsan nan bai motsa ba har aka kira Magariba.