Gawon Baba da Kukan Wayata

Aikina sa ido ne a kan intanet da muke kai wa makarantu da ƙananan asibitoci a Kankiya da Kusada. Muna da wata manhaja uwar gulma. Da zarar sigina ta yi rauni a wani wuri sai ta turo saƙo wayata, ta kuma kai ƙarata wurin ogana a Katsina.

Da damina muka kafa eriyar da ke kai intanet ƙauyenmu, Kaikai, da ke ƙasar Kusada. Muka gwada, sigina tas. Oga ya ce tunda ta yi kyau lokacin da itatuwa ke cike da ganye, ai rani wasa ne.

Ana gama girbi wayata ta fara kuka. Kaikai ta faɗi, Kaikai ta dawo, ta sake faɗuwa, ko loma ban isa in kai baki ba. Na canza igiya, na duba batir, na wanke sola har tana ƙyalli. A banza. Na so in rage wa manhajar saurin kai ƙara, oga ya hana, wai toshe kunne ba gyara ba ne. Ya ce in kukan bai tsaya ba, zai ba wani aikin Kusada. Gaskiya na tsorata, don aikin nan shi ke riƙe da gidana.

Ranar da na gaji na sauko daga kan ƙarfen eriyar, na taka gonarmu in huta. Baba na tsintar wa tumaki 'ya'yan gawo. Na zauna a inuwar gawon ina huci. Iska ta kaɗa, reshe ya rausaya, waya ta yi kuka. Iska ta lafa, saƙo ya zo wai komai lafiya. Na ɗaga kai. Gawo dai shi ne mai taurin kan itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Tsirara muka same shi ranar gwaji, ga shi kuma tsakiyar hanyar sigina.

Na lallaɓa na roƙi Baba a sassabe saman kaɗan. Ko kallona bai yi ba.

"Gawon ga ya girme ka, ya girmi ogan naka. Mi ya yi maku? Ƙarfen naka shi ƙara tsawo mana."

Haka aka yi. Na ƙara wa eriyar bututu, sannan oga ya yarda na gyara manhajar ta riƙa ɗan haƙuri kafin ta kai ƙara. Oga ya bar min Kusada.

Amma na bar ƙararrawa guda wadda wayata kaɗai take zuwa, na sa mata suna Gawon Baba. Duk shekara in ganye ya fito, sigina takan ɗan sauka, sai ta yi kuka. Bara Baba ya rasu. Bana da ta yi kuka ina Kankiya, na ajiye aikin da ke hannuna, na ɗauki buhu na tafi tsintar wa tumakinsa 'ya'yan gawo.