Merle da Dariyar da Aka Goge

Merle Tregear ba ta taɓa son shirin "Gidan Su Pettigrew" ba, amma ta fi shekara talatin tana kallonsa kullum da la'asar. Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Sunshine, a yammacin Melbourne, ya san da zarar kiɗan buɗe shirin ya tashi ba a ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wasu na ɗauka tsufa ne. Ni na san dalili, domin ina wurin ranar da abin ya soma.

Shirin barkwanci ne da aka yi a farkon shekarun 1980, labarin wani iyali na shekarun 1950: uba kwandastan ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, uwar da ba ta rabuwa da kicin, yara uku, da kaka mai baki da ke kwana a ɗakin baya. Duk rigimar da ta tashi a gidan sai ta mutu a kan teburin abinci kafin a sa tallar ƙarshe. Jama'a suka haukace a kansa, kowa na cewa ai haka rayuwa take a da. Merle kuwa, wadda ta yi ƙuruciyarta a waɗannan shekarun, cewa take ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ita ta tuna shi ne wanki da hannu cikin sanyi, banɗaki can ƙarshen fili, da mahaifin da ke dawowa daga mashaya a buge tun rana ba ta faɗi ba.

A kantin makarantarmu ta yi aiki har ta yi ritaya, tana sayar mana da burodin nama da kek mai kwakwa, tana yi mana faɗa in mun ƙi bin layi. Mijinta Col ma'aikacin masana'antar injinan girbi ne, mutum ne mai shiru-shiru. 'Ya'yansu biyu, Gavin da Janelle. Janelle ƙawata ce tun muna aji ɗaya na firamare, kuma Allah ya yi mata wata irin dariya da ba ta ɓoyuwa. Takan fara kamar shaƙuwa, sai ta ja numfashi da wata ƙara irin ta tsohuwar ƙofar lambu da ba a sa wa mai ba. Malamai sun sha korarta daga aji saboda ita, ni ma an sha haɗawa da ni.

Shekarar da muka gama sakandare ƙungiyar iyayen yara ta samo tikitin zuwa kallon yadda ake ɗaukar shirin. Aka cika bas da mu. A can aka ba mu shayi da biskit, wani mutum ya fito yana ta zuba mana raha don mu saki jiki, ga na'urorin ɗaukar murya suna reto a saman kawunanmu. Ranar ne haƙoran roba na kakar suka faɗa cikin kwanon miya. Janelle ta ƙyalƙyale, Merle na mintsininta tana cewa ta daina kunyata su, ita kuwa sai ƙara sheƙewa da dariya take yi. Bayan 'yan watanni motar da Janelle ke ciki ta kife a hanyar Geelong. Ba ta kai asibiti ba.

Hotunanta suna nan da yawa. Col ma ya ɗauke ta da kyamararsa ta gida, amma irin ta lokacin ce, hoto take ɗauka ba murya. Don haka muryar Janelle ta tafi tare da ita, ko kuwa haka muka zata.

Abin da ba mu sani ba shi ne yadda masu shirin ke aiki. In an yi dariya mai daɗi a zauren, mai haɗa sauti yakan yanke ta ya adana, duk lokacin da wani barkwanci ya faɗi ƙasa babu wanda ya dara, sai ya liƙa ta a wurin. Da alama dariyar Janelle ta burge shi. Wata rana Merle na guga, ana nuna sabon kashi da aka ɗauka bayan an binne yarinyar, sai ga 'yarta tana dariya a cikin falo. Ta shigo gidanmu ba takalmi, ta kama hannun mahaifiyata.

Daga nan ne ta zama mai kallon shirin da take zagi. Da aka daina yin sabo aka koma maimaita tsoho, tasha ta miƙa wa tasha, kullum dai yana nan da la'asar. Ba kowane kashi ne Janelle ke ciki ba, sai an yi haƙuri. Merle takan zauna da shayinta tana tsaki ga uban gidan, tana kiran kakar tsohuwar banza, har a zo wurin dariyar Janelle. Sai ta ajiye kofin, in ina kusa ta ce mini, "Kin ji ta ko, mara kunya." Ta taɓa ɗaukar wasu a kaset, suka tsufa suka tsinke, ba ta damu ba. Me za ta yi da kaset, abin da ake kawo mata har gida kowace rana? Col ya rasu, Gavin ya koma Perth da iyalinsa, ita da akwatin talabijin ɗinta suka ci gaba da zama.

Sai wasu masu hikima suka ga ya kamata a gyara shirin. Suka wanke hoton ya yi fes, suka kuma cire dariyar gaba ɗaya, wai yaran yanzu ba sa son a nuna musu inda za su dara. Ranar farko Merle ta ɗauka akwatinta ne ya lalace. Haƙoran kaka suka faɗa miya, gidan ya yi tsit kamar ana zaman makoki. Ta kira ni a waya, ta ce in zo in duba mata wayoyin baya.

Na buga wa tashar waya har na gaji. Aka yi ta tura ni daga wannan ofis zuwa wancan, a ƙarshe wata yarinya mai ladabi ta gaya mini cewa tsohon faifan sautin ba a ajiye shi ba, wanda ke intanet ma gyararren ne. Ta ce ta tausaya mana ƙwarai, ta tambaye ni ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi. Na ajiye wayar don kada in faɗi abin da ke bakina.

Da na kai wa Merle labarin ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "Shona, 'yar nan, na kwanta jiya na nemi muryarta a kaina ban same ta ba. Fuskar tana nan. Muryar ce babu." Ban taɓa jin tsoro ya kama ni saboda wani ba kamar ranar.

Ita ce ta tuno da makon fitar da tarkace, ko za a dace da tsofaffin kaset na bidiyo da mutane suka ɗauki shirin kafin a gyara shi. Kowace unguwa da nata makon, mutane su jibge tsofaffin kujeru da katifu da akwatunan talabijin a kan ciyawar bakin titi kafin motar ƙaramar hukuma ta zo, masu tsince-tsince kuma su riga ta. Ana yi ne a sace, ba a haɗa ido da mai gida. Merle ba ta san wannan kunyar ba. Tsohuwa ta haura tamanin, da sandarta, tana durƙusawa a ƙofar gidan mutane tana tona kwalaye, in ta ga labule ya motsa sai ta je ta buga ƙofa ta tambaya ko akwai sauran kaset a gareji. Ni ce direba, da a-kori-kurar mijina. Muka bi unguwar Albion, muka bi St Albans, muka kai har Werribee. Wata rana ruwa ya kama mu tana rungume da kwali, ta ƙi shiga mota sai da na fara sa kwalin.

Matsalar ita ce rubutun bayan kaset ba abin yarda ba ne. A zamanin nan kowane gida kaset ɗaya ake ta ɗora wa abu a kan abu. Ka ga an rubuta sunan shirinmu, ka sa, sai ka tarar da bikin auren wasu Girkawa. Ka ga an rubuta wasan ƙwallo, ciki kuma labaran yamma. Dole kowanne sai an kalle shi daga farko har ƙarshe. Falon Merle ya cika da kwalaye masu warin gansakuka, ta daina girki, ta rame har zoben aurenta na zamewa. Gavin ya zo ya gani, ya ja ni gefe ya ce ni ce nake ɗaure mata gindi, ya kuma riga ya samo mata ɗaki a gidan tsofaffi kusa da su, in bazara ta shigo zai zo ya tafi da ita. Ɗakin ba zai ɗauki kwali ko ɗaya ba. Merle ta ji mu, daga ranar ta fara tashi tun asuba tana sa kaset.

Saura kaɗan Gavin ya dawo muka samu abin da muke nema. Wani kaset ne na wasan ƙarshe na ƙwallo, mai shi ya ɗora wasan a kan tsohon abu. Aka busa tashi, hoton ya yi yayyafi, sai ga kicin ɗin su Pettigrew, launinsa duk ya koɗe, uban na ƙoƙarin ɓoye wani kare a ƙarƙashin tebur. Sauran 'yan mintoci ne na ƙarshen wani kashi, kuma ba a cire dariyar ba.

Karen ya leƙo, zauren ya fashe da dariya, wata mata ta fi kowa ɗaga murya. Merle ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi.

"Ga ta nan. Shona, ga 'yata nan."

Ba ita ba ce. Dariyar wata babbar mace ce mai kaurin murya, wadda ko kusa ba ta yi kama da Janelle ba. Merle na kuka tana magana, tana gode mini, tana cewa ta san ba za ta manta ba, uwa ba ta mantawa. Tana cikin faɗar haka kakar ta shigo ta taka wutsiyar karen, sai na ji Janelle sarai, ƙawata, tana shaƙuwa tana jan numfashi, kamar tana zaune a gefena. Na dubi Merle. Ko juyowa ba ta yi ba, ta miƙa hannu ta tsayar da kaset ɗin, ta mayar da shi baya zuwa inda karen ya leƙo.

Ta saurari matar nan, ta tsayar, ta sake mayarwa. Na ce, "Anti Merle, ki bar shi ya ɗan yi gaba mana, ko akwai wata."

Ta share ido da bayan hannu, ta girgiza kai. "A'a, 'yar nan. Kaset ɗin ya tsufa, ba zan cinye shi a kan dariyar mutanen da ban sani ba."

Ta sake danna maɓallin komawa baya.