Yayana da dokin Daurawa mai ido ɗaya

Shekarun baya, a shekarar nan da soja suka miƙa mulki ga farar hula suka koma bariki, mu namu sojan gida ya dawo mana. Yayana ne, shi nake bi. An tura shi Saliyo cikin rundunar kwantar da tarzoma, muka daɗe ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai wata rana da hantsi muka gan shi tsaye a ƙofar gidanmu na unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da jaka ɗaya, an sallame shi daga aiki, wai ba shi da lafiya. Muka dube shi sama da ƙasa, ba rauni, ba ɗingishi, ko yatsa ɗaya bai rasa ba. Mahaifiyata ta yi ta hamdala, aka dafa shinkafa aka raba wa maƙwabta. Sai da aka kwana uku sannan muka lura mutumin nan bai ce da kowa uffan ba.

Kuma fa yayana ba shiru-shiru ba ne. Kafin ya tafi, in ya zauna a teburin mai shayi ya ɗauko labari, mutane kan manta da shayinsu har ya huce. Shi ne ya koma zaman ɗaki, ya jingina da bango, ya zuba wa ƙofa ido. Yana salla, yana ɗan taɓa abinci, in ka yi masa tambaya ya kaɗa kai. Iyakarta ke nan.

Gari kuwa a lokacin ya rikice da murnar siyasa. Yau a ce walimar kansila, gobe a ce ciyaman zai wuce. Babu adaidaita sahu tukuna, 'yan acaɓa ne ke jerin gwano, sun ciccire salansa. Duk sa'ad da wani babur ya yi harbi a bakin titi, sai ka ga yayana ya zube ƙasa ya rufe kansa da hannu, jikinsa yana ɓari.

Ganin haka mahaifiyata ta kafa doka: a daina ƙara a gidan nan. Turmi ya koma maƙwabta, rediyo ta shiga akwati. Ni tela ne, a zaure nake ɗinki, na kinkimi kekena na kai shagon abokina. Muka koyi cire takalmi tun daga ƙofar gida, muka koyi raɗa, har sallama ma a ciki muke yin ta. Na ƙware a sanɗa ta yadda zan ajiye masa kwanon tuwo a gefensa in fita bai ji shigowata ba, kuma wallahi har alfahari nake yi da wannan ƙwarewa. A ganinmu tausayi ne.

Magani kuwa babu wanda ba a yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti an karɓo ƙwayoyin da ke sa shi barci da rana tsaka. Malami ya ce aljanin dajin can ne ya biyo shi. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Wata maƙwabciyarmu ta ce sammu ne, ba wata tantama. Ni kuma, Allah ya sani, duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi nake gaskatawa.

Muna cikin wata na huɗu abin ya faru. Ran Litinin ne da azahar, yana tsugune a tsakar gida yana alwala. Mahaifiyata ta lallaɓo ta bayansa ba takalmi, za ta miƙa masa ruwan ɗumi, ta dafa kafaɗarsa. Ban ga juyowarsa ba, ƙararta kawai na ji. Ya murɗe mata hannu ya kai ta ƙasa, sannan ya tsaya yana kallonta kamar bai san yadda aka yi ta zo wurin ba. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Hannun ya yi targaɗe, ta ɗaure shi ta ɓoye cikin mayafi, ta ce kada kowa ya ji.

Ni ne na je na faɗa wa baffana, yayan mahaifinmu, wanda shi ne babba a kanmu tun rasuwar mahaifin namu. Tsoro ne ya kai ni, kuma tun kafin in rufe baki na yi nadama. Baffa ya zo ya ce wanda ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu ba shi kaɗai ba ne a jikinsa. Ya ce ran Asabar mota za ta zo a kai shi ƙauye wurin wani malami mai sa wa irinsu mari a ƙafa. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga irin wurin nan, na ga idon sawunsa.

Mahaifiyata ba ta yi masa musu ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhaji, alfarma ɗaya nake roƙo. A garinmu an ce doki yana ganin abin da mutum ba ya gani. In mai iska ya matso shi, ba ya tsayawa. A kai shi gaban doki. In dokin ya zabura, ni da kaina zan haɗa masa kayansa."

Baffa ya yarda. Ni kuwa kaina ya ɗaure. Na yi sakandare, ina karanta jarida, ga ni zan raka yayana wurin doki ya duba shi. Kuma wane doki ne ba ya zabura in ya ga baƙo? Na ga kamar tsohuwar nan ta ɗora rayuwar ɗanta a kan abin da ba ta da iko da shi.

Doki ɗaya muka sani a kusa, na wani dattijo a unguwar Daurawa da kowa ke kira Baba mai doki. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana kula da dawakai a filin ƙwallon dawaki. Da ƙwallo ta fasa wa wani jan doki idon hagu, mai shi ya ce ba shi da sauran amfani, Baba ya roƙa aka bar masa. A wani kango bayan gidansa ya kafa masa turke.

Ran Laraba da safe muka je mu huɗu. Da Baba ya ji abin da ya kawo mu, sai ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Hajiya, ni dokina ba ya duba. Harawa ya sani, sai dusa da kanwa. Amma tunda kun taso, ga ku ga shi."

Baffa mutum ne mai son a yi abu bisa ƙa'ida. Ya ce kafin a gwada mara lafiya, a fara ganin yadda dokin yake yi da mai lafiya. Ya nuna ni. Ni da ko ragon layya ba na riƙewa. Na yi ta maza na cire takalmi, na ɗauke numfashi, na lallaɓa kamar yadda na saba a gida. Don kada mu haɗa ido da shi, na zaɓi ɓangaren da idon ya mutu. Na miƙa hannu na taɓa wuyansa.

Abin da na iya tunawa shi ne haniniya, da kofato biyu a sama, da ni zaune daɓas cikin kashin doki. Dokin ya yi ta fizgar igiya kamar zai tumɓuke turken. Da na ɗago, sai na ga Baffa yana yi mini wani irin kallo, bakinsa yana motsi da addu'a. Bisa sharaɗin da aka gindaya, ni ne mai iskar.

Baba ya taso mini da faɗa. "Kai, wa ya ce ka yi masa sanɗa? Ba ka ga ba ya gani ta nan ba? Ta nan aka buge shi, bai ga zuwan abin ba. In za ka zo masa ta hagu, tun daga nesa za ka yi magana, ya san kai ne."

Duk mun manta da yayana. Da dokin ya zabura, yayana zubewa ya yi a jikin katanga, amma yanzu ya miƙe, yana kallon yadda fatar dokin ke karkarwa. Ya tako a hankali ya zagaya ta hagun, ya tsaya kamar taku biyar daga turken. Dokin ya kafe kunnuwa. Baffa ya buɗe baki zai hana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Yi masa magana, soja," in ji Baba. "Ba ya ganinka."

Yayana ya ƙura wa dokin ido. Sai muka ji wata murya a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ni ne."

Kunnen dokin ya juya.

"Ni ne. Ba komai. Ni ne."

Ya matsa ya ɗora tafin hannunsa a wuyan dokin. Dokin ya furzar da iska, ya sauke kai, ya goga goshinsa a ƙirjin yayana har ya ɗan tura shi baya. Suka tsaya a haka. Mahaifiyata ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na yi kuka, ina zaune a inda na faɗi.

Baffa ya dube ni, ya dubi yayana, ya ce, "To yanzu wanne ne a cikinsu?" Can ya ce ai ta yiwu aljanin ya saba da dawakai ne. Amma muryarsa ba ta da ƙarfin ta ran Litinin.

Baba bai kula shi ba, hannun mahaifiyata yake kallo, don mayafin ya zame. Ya tambaye ta abin da ya same ta, ta faɗa masa. Ya ce, "Ta ina kika zo masa?" Ta ce ta baya, a hankali, don kada ta firgita shi. Ya ce, "Kin yi magana?" Ta ce ai mun daina magana a gidan. Baba ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, ku daina yi wa yaron nan sanɗa. Kuma ku turo mini shi kullum da safe, bayana ya gaji da wankin doki."

Da muka koma gida, lokacin abincin rana ya yi, na miƙa hannu zan ɗauki kwanon kamar kullum, mahaifiyata ta hana ni. Ta sa takalminta, ta taka shi da ƙarfi har ƙofar ɗakinsa, ta tsaya. Ta yi sallama da muryar da na yi wata huɗu ban ji ba, sannan ta ce, "Ni ce. Innarka ce."

Na tsaya a tsakar gida. Na kasa kunne.

"Shigo, Inna."

Ban bi ta ba. Daga tsakar gida na jiyo shi yana cewa, "Hannun... ban gan ki ba," ita kuma tana cewa ta sani, ya ci tuwonsa kada ya huce. Ran Asabar mota ta zo. Baffa ya shiga ya yi sallama, yayana ya amsa masa ya gaishe shi. Baffa ya fito ya sallami direba, ya ce a ƙara mako guda a gani. Makon nan har Baffa ya bar duniya bai cika ba.

Kada ku ɗauka daga ranar ya warke. Ya fi shekara yana zuwa Daurawa, yana wanke dokin, yana tsefe masa geza, yana fita da shi kilisa. Da mu maganarsa ƙalilan ce, da dokin kuwa sai ya tsaya ta ɓangaren makahon idon ya yi ta zuba. Wata safiya na je kai masa saƙo, na jiyo shi yana ambaton sunayen wasu mutane da ban sani ba. Na laɓe zan saurara, sai na tuna abin da nake yi sunansa sanɗa. Na yi gyaran murya na ce ni ne. Abin da ya gani a Saliyo, dokin nan ne kaɗai ya ji shi, kuma ya mutu da shi.

Har yau in aka tambaye ni abin da ya warkar da yayana, ina rasa ta cewa. Baffa ya tafi a kan cewa rubutun ne ya yi aiki a makare. Likita ya ce ƙwayoyinsa ne. Mahaifiyata ta ce dokin ne ya gane ɗanta ba shi da komai, kuma ta kan ƙara da cewa ni ne dai ba a gama bincike a kaina ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, sallamar da aka koya mana tun muna yara, ita muka fara ajiyewa da sunan tausayi, sai da tsoho da makahon doki suka maido mana da ita. In na tuna yadda nake alfahari da sanɗata, kunya takan kama ni.

Yayana ya yi aure, yana da 'ya'ya, kuma har gobe in aka yi harbin babur kafaɗarsa takan motsa. A gidansa yara tun daga zaure suke ɗaga murya, baƙi su ɗauka rashin tarbiyya ne.

Mahaifiyata ta tsufa yanzu, cutar yana ta rufe mata ido duka biyu, motsi kaɗan yake firgita ta. Kullum da safe kafin ya wuce kasuwa yakan biyo Gyaɗi-Gyaɗi. Ina jin takunsa tun daga ƙofar gida, da gangan yake buga takalmin. Ya tsaya nesa da ƙofarta, ya yi sallama, sannan ya ce, "Ni ne, Inna."